Ranar da Zakariya Ya Yi wa Surukinsa Tsawa

A Dogon Dutsi, idan Zakariya mai ordinatar, wato kwamfuta, bai taɓa yi maka tsawa ba, to ko dai baƙo ne kai, ko kuma bai ɗauke ka bakin komai ba. Ya yi wa direbobin tasha. Ya yi wa malaman lekol, wato makarantar boko, masu kawo takardun jarrabawa su tsaya masa a ka suna cewa a buga yanzu-yanzu. Ya yi wa ladanin unguwarsu a kan lasifika mai ƙugi. Akuyar maƙwabta ma ta sha nata har ta canza hanya. Babu mai riƙe shi a zuci. Wasu dattawa in sun kwana biyu ba su ji muryarsa ba sukan leƙa shagon su tambayi ko lafiya, shi kuma ya ce musu lafiyarsa ba ta dame su ba, su fita su ba shi iska. Sai su tafi hankali kwance.

Haifaffen Kiyeshe ne. Babansa rediyo yake gyarawa ranar kasuwa, a gindin wata bedi, kuma a wurinsa Zakariya ya gaji abu biyu: haƙurin zama da ƙaramin sukurudireba, da rashin haƙuri da ɗan Adam. Karatunsa bai wuce kwaleji ba. Yana saurayi ya sami aikin buga takardu a misiyon, Musulmi a cikin Kiristoci, babu wanda ya ga abin magana a ciki. Da wani fada zai koma ƙasarsu, ya bar masa ordinatar ɗaya da wani ƙaton littafin Faransanci na koyon rubuta program. Masu aikin misiyon na lokacin sun ce shekara da shekaru suna jin Zakariya a ɗakin baya yana zagin littafin nan shafi-shafi. Da ya gama zaginsa, ya iya.

Daga baya ya buɗe shago kusa da tasha, fotokopi da buga takardu da gyaran na'ura. Da wannan ya ci ya sha, ya aurar da ɗiya. Amma abin da yake ji da shi a duniya ba a shagon yake aiki ba. Yana can a Rediyo Kurciya, ƙaramar rediyon jama'a da ke bakin hanyar Matankari.

Matsalar rediyon nan ita ce duk ma'aikatanta manoma ne. Mai karanta labarai manomi, mai kula da na'ura manomi, shugabarsu Madam Hélène ita ma tana da gonarta ta gero. Ruwan shuka na sauka, kowa ya ɗauki iri ya yi daji, rediyo ta yi tsit. Kuma a daidai lokacin ne aka fi bukatarta: wane ya rasu a ƙauye kaza, saniyar wane ta ɓata, ruwa ya sauka a Lugu bai sauka a Tibiri ba, tsutsa ta bayyana a gabas, a kai yara rigakafi ranar kaza. Wannan shirun ya ba Zakariya haushi, kuma shi in abu ya ba shi haushi ba ya iya barinsa. Ya rubuta program, ya sa masa suna Mai Shela. Da yamma wani ya dawo daga gona ya ɗauki sanarwoyi da murya ya zuba masa, shi kuma gobe ya yi ta sakinsu kowace a lokacinta, har da waƙoƙi a tsakani, ba kowa a ɗakin. Kowace safiya yana farawa da muryar Madam Hélène tana faɗin rana da wata da shekara. Tsofaffi a ƙauyuka da yawa har yau sun ɗauka matar nan ba ta zuwa gona.

Yadda Zakariya yake bayyana aikinsa ga wanda ya kuskura ya tambaya, bayan ya gama yi masa faɗa a kan tambayar, shi ne kamar haka. Abin da ya rubuta da hannunsa gero ne a zangarniya. Ordinatar ba ta cin zangarniya. Sai an miƙa wa wani program, sunansa kompilatar, ya sussuke ya dake ya tuƙa, sannan a ƙunshe tuwon a kai rediyo a zuba. Kuma ba duka ne shi ya rubuta ba. Sashen da ke fitar da sauti na wani bawan Allah ne a wata ƙasa, ya saka shi kyauta ga duk mai so. Na wannan bawan Allah kuma ya jingina da na wani, na wanin ya jingina da na wani. Zakariya yana kiransu kayan aro. In ɗaya ya goce, duk su zube.

Wuri ɗaya ne a duniya da duk waɗannan suke zaune lafiya da juna: wata tsohuwar ordinatar a kusurwar shagonsa, wadda yake kira Gwaggo. Kompilatar ɗin cikinta da kayan aron cikinta duk tsara ɗaya ne, sun san halin juna. Bai taɓa haɗa ta da intanet ba. Yana rufe ta da tsohon zanen matarsa Rahina. Bai manna takardar gargaɗi a jikinta ba, don babu mahaluƙi a Dogon Dutsi da zai ɗaga zanen nan yana cikin hankalinsa. A gida kuma, a saman kabad, akwai wata ƙarama ta ɗauka a hannu, 'Yar Gwaggo, mai irin kayan cikin uwar sak, sai dai cajarta ta ƙone tuntuni.

Sai ga Mukhtar.

Mukhtar ɗan Yamai ne, gwamnati ta turo shi Dutsi yana kula da na'urorin wani biro, wato ofis. Yaro mai ladabi, mai fara'a, ya yi karatun abin a jami'a. Ya ga Ladidi ɗiyar Zakariya, ya nema, aka ba shi. Ladidi kuwa ɗiyar fari ce, Zakariya bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce da Rahina "ɗiyarki". Mijinta kuma ai sai abin ya ninka. In Mukhtar ya zo gaisuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Zakariya ya juya fuska wajen bango ya amsa da wata siririyar murya da ba wanda ya san yana da ita: "Lafiya lau. Madalla. A gaida gida." Shi ke nan. A duk faɗin garin, Mukhtar ne kaɗai namijin da bai taɓa jin tsawar Zakariya a kansa ba.

Akwai abin da ke cin Mukhtar a rai. Sauran surukai a Arewa, damina na yi, sukan tara abokai su je su nome gonar uban matarsu. Shi kuwa ya gwada sau ɗaya, hauya ta sale masa hannu, kuma aka ce rabin abin da ya sare gero ne. Tun daga nan yake neman hanyar da zai yi wa surukinsa aiki da abin da ya iya.

Hanyar ta samu a tsakiyar bazara, lokacin da aka yi rasuwa a Kiyeshe, Zakariya ya tafi zaman makoki ya bar mabuɗi a hannun Rahina. Mukhtar ya karɓa don ya yi fotokopi. Ya ga zane a kusurwa, ya ɗaga. Da Gwaggo ta gama tari ta buɗe ido, tausayi ya kama shi. Dattijo kamar wannan, yana fama da kayan da duniya ta manta da su, kuma kunya ta hana shi neman taimako! Ya zage damtse. Ya kwashe duk rubutun Zakariya a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, bai bar ko harafi ba, don shi ba mai ganganci ba ne. Sannan ya share Gwaggo tas, ya zuba mata sabon tsari, sabon kompilatar, sabon komai. Abin da ’yan biro ke kira mizajur. Ya mayar da rubutun inda yake, ya goge ƙura, ya rufe ta da zane, ya koma gida yana jin yau dai ya yi noman suruki.

To, akwai wani abu da Zakariya ya sani, Madam Hélène ma ta sani. Lokacin da ya rubuta Mai Shela, ya yi masa kalanda mai iyaka, kuma iyakar ita ce ƙarshen watan Mayu na bana. A wancan lokacin ya ga shekarar tana da nisa ƙwarai, ya ce kafin nan ko shi ko rediyon wani ya riga ya mutu. Ba wanda ya mutu. In ba a gyara ba, ranar farko ta Yuni Mai Shela zai yi shiru, daidai lokacin shuka. Gyaran kuwa layi ɗaya ne. Madam ta sha tuna masa, shi kuma ya sha ce mata ta bar shi ya sha iska, aikin shan shayi ɗaya ne.

Da ya dawo daga Kiyeshe ya ɗaga zane ya kunna, sai ya ga Gwaggo ta tashi da sauri kamar budurwa, fuskarta shuɗiya da furanni.

Mai shayin da ke gaban shagon ya ce da farko ba a ji komai ba, kuma wannan ne ya tsorata shi. Zakariya ya nemo rubutunsa, ya gan shi lafiya. Ya gyara layin nan ɗaya. Ya miƙa wa kompilatar. Jan rubutu ya fara zubowa a allon, layi bayan layi, har ya wuce ƙasa yana ci gaba.

Daga nan aka ji shi har tasha.

"Kuskure? Kuskuren uban wa? Wanga layi tun ba a haife ka ba yake nan yana aiki! Na dā in ya ga haka sai ya yi gyaran murya ya wuce, kai kuma ka zo jiya ka tsaya mini a hanya kamar jandarma!"

Abin da ya faru shi ne, abubuwan da tsohon kompilatar yake kau da kai a kansu, sabon ya ce sam. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kayan aron sauti babu su. Zakariya ya haɗa wayarsa, a ranar da rezo, wato intanet ɗin waya, ke zuwa kamar ɗigon famfo, ya nemo. Na yanzu ya sauko, amma mai shi ya canza wa komai suna, Mai Shela ya kira bai ji an amsa ba. Ya nemo na dā, da kyar ya same shi a wani lungu. Na dā ya ce ba zai zauna ba sai da wani abokinsa na dā. Ya nemo abokin. Abokin ya ce shi kuma sabon kompilatar bai san shi ba, sai tsoho. Ya nemo tsohon kompilatar, shi kuma ya ce ba zai shiga gidan nan ba sai an fitar da rabin abin da ke ciki.

"Kowa da sharaɗinsa! Kowa sai an kawo masa ɗan'uwansa! Ni biki na kira ku?"

Ya rufe shago da rana tsaka ya nufi gida, babbar riga na tashi a bayansa.

"Rahina! Wa kika ba mabuɗina?"

Rahina tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta shekara talatin da wani abu tana jin wannan murya, ta san inda take zafi da inda take iska kawai.

"Sannu da zuwa, Malam. Ruwa na randa."

"Ban tambaye ki ruwa ba. Wa ya taɓa Gwaggo? Ki faɗa mini sunansa, yau sai garin nan ya san an haife shi!"

"Mijin ɗiyarka ne."

Bakin Zakariya ya tsaya a buɗe. Ya rufe shi. Ya zagaya tsakar gida, ya harbi bokiti, ya yi wa zakara tsawa a kan cara ba lokaci ba, alhali zakaran bai ce komai ba. Sannan ya dawo ya tsaya a kanta.

"Ki gaya wa ɗiyarki ta gaya wa mutumin nan, ya kashe ni. Ya shiga shagona ya rushe aikin rayuwata. Hannunsa in ya ƙara kusantar kayana, sai na... ki dai gaya masa haka. Kada ki rage ko kalma."

Rahina ta yafa mayafi ta tafi. Amma a hanya ta yi tunani. Wace uwa ce za ta shiga gidan ɗiyarta da magana irin wannan, aure bai daɗe ba? Da ta isa, abin da ta ce shi ne, "Babanki ya ga aikin da mijinki ya yi. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya kasa magana. Ya dai ce wani karon kada ya wahalar da kansa."

Ladidi ita ma ta san mijinta, mutum ne da ƙaramar magana ke hana shi cin abinci. Da ya dawo daga biro ta ce, "Baba ya ga aikinka. Inna ta ce daɗi ya hana shi magana. Wai har yana cewa ka wahala da yawa."

Mukhtar ya ce, "Wace wahala? Ai yanzu na fara."

Shi kuwa Zakariya, da zuciyarsa ta ɗan sauka, ya tuna ba a mutu duka ba. 'Yar Gwaggo tana saman kabad. Ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kamba saƙon caja irin ta dā, ya zauna jira. Madam Hélène ta zo shagon a kan babur ɗinta, hankali a tashe, don gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma.

"Mushe Zakari," in ji ta, don haka take kiransa da Faransanci, "watan nan fa tafiya yake."

"Na ce ki bar ni, Madam! Ina da ido, ina da kalanda."

"Kalandarka ce ai ta kawo mu nan. Mi zai hana mu mayar da agogon na'urar rediyo baya, ta ɗauka har yanzu shekarun baya ne?"

"Sannan kowace safiya muryarki ta gaya wa Arewa duka shekarar ƙarya? Tsoho a Lugu ya ji, ya ɗauka matarsa da ta rasu tana nan da rai? Ni ban rubuta maƙaryaci ba."

"To a yi tuƙin a na'urar rediyon mana."

"Babu tukunya a cikinta, babu kompilatar. Na cire tun farko don cikinta ƙarami ne. Ki tafi, caja na hanya."

Ranar da cajar ta iso, ya shiga gida da ita a hannu har yana ɗan waƙa, abin da ya sa kaji suka watse don ba su saba ba. Ya miƙa hannu saman kabad. Ya ji 'Yar Gwaggo a cikin sabuwar jaka. A gefenta ga wata sabuwar caja, an naɗe ta da kyau. Ya buɗe. Shuɗi da furanni.

Rahina ta ce daga bakin ƙofa, a hankali, "Ladidi ce ta zo ta ɗauka. Wai ya ce tunda ka ji daɗin na farko..."

"Na ji mi?"

"Daɗi."

"Rahina, mi kika gaya musu?"

"Abin da ka ce, Malam. Na dai wanke shi kaɗan."

Wannan karon maƙwabta sun fito. Ya yi faɗa da Rahina, ya yi da kabad, ya yi da mutanen ƙasashen waje masu canza wa abu suna ba su yi shawara da kowa ba, ya yi da fadan da ya ba shi littafi tun farko. Ya ce duniya ta lalace da gyara, abu na aiki lafiya sai an zo an gyara shi har ya mutu. Mutum ɗaya ne bai ambata ba, ko da "mutumin nan".

Rahina ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "To yanzu sai ka kira shi ya taya ka. Shi ya san sababbin, kai ka san naka."

"In kira wa? In zauna da shi gwiwa da gwiwa? Kin taɓa gani?"

"To rediyo ta mutu ke nan."

Ya yi tsaki mai tsawo. Da safe ya ce ta gaya wa ɗiyarta, wannan karon ba wanki, cewa Mai Shela ya ƙi tuƙuwa kuma wata na ƙarewa.

Ladidi ta ce lokacin da mijinta ya ji gaskiyar abin da ya yi, sai da ya zauna a ƙasa. Ya so ya nemi canjin wurin aiki zuwa Diffa. Ta ce ya tashi ya sa takalmi.

Yadda aka tsara aikin, mutanen tasha har yau suna ba da labarinsa. Zakariya a cikin shago gaban Gwaggo, fuskarsa a bango. Mukhtar a waje ƙarƙashin rumfa, a kan tabarma, 'Yar Gwaggo a cinyarsa, ya ba ƙofa baya. Rahina a kan kujera 'yar tsugunne a bakin ƙofa. Ladidi kusa da mijinta. Tsakanin mazan biyu bai fi tsawon tabarma biyu ba, kowa na jin numfashin kowa, amma magana sai ta bi hanya.

"Ki gaya wa ɗiyarki ta gaya masa, wanga shegen ya ce ban gabatar da abu ba kafin in kira shi."

"Wai babanki ya ce na'ura ta ce ba a yi gaisuwa ba."

"Wai ba a gabatar ba, in ji Baba."

Mukhtar, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ki ce wa Inna ta ce wa Baba, in Allah ya sa bai ga laifi ba, wataƙila, a layin sama, a ƙara sunan abin."

"Wai ka ƙara a sama, Malam."

"In ƙara mi a sama? Saman wa?"

Magana mai lamba da baƙaƙen Faransanci kuwa, kafin ta ratsa mata biyu ta zama wani abu dabam. Rahina ba ta yi lekol ba, amma ba ta yarda ta ce ba ta ji ba, sai ta cika gurbin da abin da ya fi daɗin faɗa. A yini guda suka gyara kuskure kaɗan, suka haifi sababbi. Mukhtar kuma ladabi ya hana shi cewa dattijo ya yi kuskure, sai ya yi ta zagaye har Ladidi ta manta farkon zancen. Haka aka yi ta yi, wata na ƙarewa, jan rubutu bai ragu da yawa ba.

Sai ruwa ya sauka. Ruwa na gaske, wanda ya jiƙa ƙasa har zira'i. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, kowa na gudu da ƙwaryar iri. Madam Hélène ta biyo ta shagon, kwando ɗaure a bayan babur, ba ta ko sauka ba.

"Mushe Zakari, mun tafi. Gobe ɗaya ga wata. In ta yi shiru, ta yi shiru da sunanka."

Rahina ta zauna a kujerarta kamar kullum. Zakariya ya fara, "Ki gaya wa ɗiyarki..." sai ta miƙe ta ɗaura ɗankwali.

"Ni na gaji, Malam. Gonata ba za ta jira kunyarku ba. Ladidi, tashi mu je. Ku kuma ga ku ga juna, in kun ga dama ku yi ta kallon bango har kaka."

Suka tafi. Tasha ta yi shiru, mai shayi ma ya tafi gona. Aka bar maza biyu, baya da baya, da kujera babu kowa a tsakaninsu.

Zakariya ya danna. Jan rubutu. Ya yi gyaran murya, ya dubi kujerar, ya dubi Gwaggo, ya ce da ita, "Da akwai mai ji, da an gaya masa layi na sama ya sake ƙi."

Daga waje wata ƙaramar murya ta ce da 'Yar Gwaggo, "Da za a yarda, da an duba ko..." ta mutu a nan.

"Ko mi?" in ji Zakariya, yana kallon bango.

Shiru.

"Ko mi, na ce!"

Zakariya ya ji abin ya taso masa tun daga tafin ƙafa, abin da ya danne tun bazara. Ya ture kujera, ya juyo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mukhtar! Kai Mukhtar! Juyo ka dube ni! Wa ya aike ka? Wa ya ce maka duk abin da ya tsufa ciwo gare shi? Ka ga zane a kan abu, ba ka tambaya ba, ka ɗaga! Ka kashe uwa, bai ishe ka ba, ka bi ɗiya har saman kabad! Kuma yanzu ka zauna kana mini 'da za a yarda'! Buɗe baki ka yi magana kamar mutum, rediyo za ta mutu gobe!"

Mukhtar ya juyo. Idonsa ya kawo ruwa, amma fuskarsa kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

"Na yi laifi, Baba. Ban tambaya ba, kuma ya kamata in tambaya."

"Ya kamata!"

"Amma Baba, wanga layin, sabon kompilatar ne ke da gaskiya. Kun ajiye abu mai girma a wurin da bai kai shi ba. Sa'a ce ta riƙe shi shekarun nan."

"Ni? Kai za ka gaya mini... kawo in gani. Matso mana, cizo nake yi?"

Ya matso. Zakariya ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya yi tsaki.

"To wannan ɗaya. Na gaba kuma ƙaryarsa ce, za ka gani."

Suka yi yinin nan kafaɗa da kafaɗa. Zakariya ya san dalilin kowane layi, Mukhtar ya san sabon sunan da aka ba kowane kayan aro da inda aka mayar da shi. Suka daina roƙon tsofaffin su dawo, suka koya wa Mai Shela kiran sababbin. Zakariya ya yi faɗa a kan kowane canji, ya ce sunan dā ya fi daɗi, ya ce wanda ya canza bai da aikin yi. Mukhtar ya fara da "to, Baba", zuwa azahar ya kai "a'a, Baba", bayan la'asar har an ji ya ce "Baba, ku bari in gama magana". Kafin rana ta faɗi, Zakariya ya danna, rubutu ya gudu a allo, fari tas, ya tsaya. Babu ja.

Saura matsala ɗaya, Mukhtar ne ya faɗe ta: sabon tuwon ba zai zauna a tsohuwar na'urar rediyo ba, don ita har yanzu kayan dā ne a cikinta. Zakariya ya dubi Gwaggo. Ya ninke zanen Rahina ya ajiye a kan tebur.

"Ɗauko ta, ita za ta zauna a rediyon. A hankali, ba buhun albasa ba ce!"

Suka ɗora ta a babur, Mukhtar na tuƙi, Zakariya a baya ya rungume ta yana yi masa tsawa a kan kowane rami har hanyar Matankari.

Washegari da safe mutane na duƙe a gonaki, rediyoyi rataye a rassan itace, muryar Madam Hélène ta fito ta faɗi rana da wata da shekara, daidai. Ita kanta tana tsakiyar gonarta ta ji, ta ɗaga kai, ta ci gaba da shuka. Bayan haka aka yi cigiyar wani jaki mai yankakken kunne.

Tsofaffin unguwa sun yi ta magana, wai zamani ya zo da suruki ke kiran sunan suruki a bainar jama'a. Rahina ta ce su zo su zauna a kujerar nan yini ɗaya su gani. Kusurwar shagon yanzu 'Yar Gwaggo ce a ciki, a ƙarƙashin zane. Mukhtar yakan biyo bayan an tashi daga biro, har yanzu yana tuɓe takalmi daga nesa, kuma duk lokacin da ya ambaci mizajur ana jin amsar har tasha. Yakan fito yana murmushi, ya zauna wurin mai shayi.

Ladidi dai har yau "ɗiyarki" ce.